Kaset ɗin Baba Idi Mai Guga

Mujahid ɗan yayata ne ya jawo wannan maganar. Shekaranjiya muna zaune a rumfar cajin waya da nake riƙe da ita yanzu a unguwar Sawra, a Umdurman, shi da abokansa, sai wani dattijo ya zo da tsohon musajjal, rediyon nan mai cin kaset, a cikin buhu, ya ce kaset ba ya juyawa, ko zan duba masa. Yana ba da baya Mujahid ya fashe da dariya.

"Kawu, wannan ma sana'a ce? Ka kwance, ka sa roba, ka ɗaure. Ni da yatsa ɗaya nake cika zakira, memorin waya, da waƙa, ko zama ban gyara ba."

Na ce ya miƙo min sukudireba ya rufe bakinsa. Amma maganar ta kwana a raina, shi ya sa zan faɗa yanzu, ku ma sauran ku ji. Ni ba tsoho ba ne, talatin ma ban kai ba. Sana'ar ce ta tsufa a hannuna.

Makaranta a aji shida na bar ta. Ba wanda ya kore ni, zama ne ba na iyawa. Malam yana rubutu a allo, ƙafata tana rawa a ƙarƙashin benci, kunnena yana waje wurin raksha, babur ɗin hayan nan mai ƙafa uku, da ke wucewa. Na yi kwandasta a motar Umbadda zuwa Khartum, na sayar da ruwan sanyi a tasha, na leƙa wurin mai walda na gudu. Mutanenmu daga kambo, sansanin masu tsinkar auduga na Jazira, suka taso tun kafin a haife ni, kuma a wurin babana wanda ba shi da aiki a hannu bai cika mutum ba. Ranar da ya gaji da ni ya kama ni a wuyan riga ya kai ni wurin Usta Garba, abokinsa tun suna tsinkar auduga tare, wanda yake gyaran rediyo da musajjal a bakin kasuwar Suk Libya.

"Ga shi nan," in ji babana. "In ya gudu kada ka wahalar da kanka wurin nema."

Usta ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ina zai je? Ai ya riga ya gama zagaye Umdurman."

Shagon ƙarami ne, mutum uku in suka shiga sai ɗaya ya fita. Tebur ɗaya, fanka marar murfi, gawarwakin rediyo jere har rufi, don Usta ba ya zubar da komai. Kayan aikin in kun gan su za ku raina. Kawiya ta narka dalma, igiyarta duk ɗauri. Auduga a kan tsinken ashana, a tsoma a sibirto a goge kan da ke karanta kaset. Man keken ɗinki a tsohuwar kwalbar turare. Biro mai kusurwa na naɗe zaren kaset. Jan farce na mata, wanda ni ake aika na sayo, 'yan matan shagon suna tambayata wace kala ce ta fi min kyau. Sai gwangwanin madara cike da ser, wato siririyar robar da ke ɗauko juyi daga ɗan injin ta kai wa faifan ƙarfe mai nauyi da muke kira haddafa. In ser ɗin da ya dace ya ƙare, Usta ya jawo tsohon tiyub ɗin keke ya yanka da reza, ba awo ba komai. Ni tiyub nawa na ɓata kafin ser ɗin da nake yankawa ya daina tsalle, Allah kaɗai ya sani.

Aikin farko da ya bar ni na yi da hannuna, kaset ɗin wani direba ne da musajjal ya tauna. Zaren ya fito ya cukurkuɗe kamar taliya. Ana jawo shi a hankali, a shimfiɗa a kan gilashi, a lallashe shi da bayan cokali mai ɗumi. Inda ya mutu gaba ɗaya a yanke a karkace, a ɗiga jan farce kaɗan a baya, a haɗa baki da baki, a jira. In ka cika jan farcen zai manne da na ƙasansa, ka kashe kaset ɗin mutum. In ka rage, ya rabu a tsakiyar hanya, direba ya dawo ya zage ka da uwarka. Na yi nawa ya kama. Usta bai ce ya yi kyau ba. Cewa ya yi, "Je ka ce wa mai shayi biyu," maimakon ɗaya. Ranar na fara shan shayi a shagon.

Lokacin ma kaset ya fara mutuwa. Samari sun koma waya. Waɗanda suka rage mana direbobi ne masu tsofaffin motoci, da tsofaffi masu kaset ɗin karatu da wa'azi, da mata masu kaset ɗin da wani nasu ya aiko daga Saudiyya tun da daɗewa, yana gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya da suna. Irin waɗannan ba sa tafiya su bar ka da shi. Suna zama a kan benci su zuba wa hannunka ido.

Amma abin da ya fi duka wuya, wanda Mujahid bai san akwai shi ba, shi ne saita gudu. A bayan injin akwai wani ɗan rami, cikinsa ɗan sukuru ƙanƙane. Ka juya shi kaɗan dama, kaset ya ƙara sauri, ka juya hagu ya rage. Mu ba mu da na'urar awo. Abin da Usta yake da shi wani kaset ne da ya ɗauki muryarsa a kai, a sabon musajjal, tun yana saurayi, yana sallama yana faɗin sunayen garuruwan Jazira. Duk musajjal da muka gyara da shi ake gwadawa. Da yake mutum ba ya sanin muryarsa, ni ne alƙali.

"Saurara da kyau, Haruna. In na zama mace, rage. In na zama sa, ƙara. In na zama ni, cire hannunka."

Haka muke yi, kuma ba wanda ya taɓa dawo mana da aiki saboda gudu. Sai Baba Idi.

Baba Idi mai guga ne a Umbadda, dogo, siriri, jallabiyarsa kullum kamar yanzu aka ɗauke dutsen guga daga kanta. Ya zo da musajjal ɗinsa naɗe cikin tawul, baƙi, mai lasifika ɗaya, irin mai nauyin nan na da. Ya ce ya tsaya cak. Kafin ya miƙa ya buɗe ya zare kaset ɗin ciki ya sa a aljihun ƙirji.

"Bar shi mana mu gwada da shi, Malam Idi," in ji Usta.

"Ku gwada da naku."

Da na buɗe bayan na ga ser ɗin ya narke, ya zama baƙin danƙo kamar kwalta, ya naɗe a jikin haddafa. Na wuni ina kankarewa da sibirto. Na sa sabo, na ɗiga mai, na goge kai, muka saita gudu har Usta ya zama Usta. Aiki mai tsabta, ko yau aka ba ni haka zan yi.

Baba Idi ya dawo bayan la'asar. Ya zauna a benci, ya ciro kaset ɗinsa, ya hura shi, ya sa da kansa. Takardar jikinsa ta goge fes saboda yatsa, ko harafi ɗaya babu. Ya danna.

Kamanja ce ta fara, gogen nan mai tsirkiya huɗu da ake kafawa a wuya, amma ba ɗaya ba, da yawa, kamar taron mutane suna magana ƙasa-ƙasa. Akwai masu busa a bayansu. Mu a nan mun saba, in kamanja ta yi share fage sai mawaƙi ya shigo. To muka zauna muna jiran mawaƙi. Aka yi ta tafiya, ba shi. Usta ya dube ni, na dube shi. Ya matso ya kara kunne a lasifika, ya ɗan bubbuga gefen.

"Haruna, ka taɓa wayar kan nan? Murya ba ta fitowa."

"Ban taɓa ba, Usta."

"To ina mai waƙar ya tsaya? Ko sai an aika masa raksha?"

"Babu mai waƙa," in ji Baba Idi. "Ga ta nan za ta shigo."

Sai duk suka lafa, kamanja ɗaya ta taso ita kaɗai, siririya, ta hau sama can, sauran suna amsa mata. Maƙwabcinmu mai sayar da caja ya leƙo ya tambaya wa ya rasu. Ni dai na tsaya da auduga a hannu. Amma Baba Idi bai bar ta ta yi nisa ba. Ya miƙa hannu ya kashe.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Kaset ɗinka ne, daga aljihunka ya fito," in ji Usta.

"Kaset ɗin nawa ne. Abin da ke fitowa ba nawa ba ne. Tana sauri kamar wadda aka biyo. Muryarta ma ta ƙanƙance. Me kuka yi mata?"

Usta ba ya son a taɓa aikinsa. Ya zare kaset ɗin ya sa nasa na gwaji, muryarsa ta fito tana jera garuruwa.

"Wannan muryata ce ko ba muryata ba?"

"Taka ce. Ita ma ba wani daɗi gare ta ba."

Usta ya cire tabarau ya goge. Can ya ce in kawo danƙon da na kankare. Ya murza shi a yatsa ya ce, "Ser ba ya mutuwa rana ɗaya, Malam Idi. Saki yake yi kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, kunne ba ya kamawa. Abin da ka daɗe kana ji a gajiye kake jin sa. Yau ne ka ji shi yadda masu shi suka kaɗa."

"To ni ma ai a gajiye nake," in ji Baba Idi. "Tare muka tsufa da ita. Kun mayar da ita yarinya kun bar ni a nan."

"Yanzu me kake so? In ɓata abin da na gyara?"

"Ka mayar min da ita yadda take."

"Wallahi hannuna ba zai yi ba." Usta ya mayar da tabarau. Ya jawo siririyar sukudirebarsa, wadda ya fiƙe da kansa daga wayar ƙafar keke, ya ajiye a gabana. "Wannan yaron bai da sunan da zai ɓaci tukuna. Ɗauka ka bi shi."

Na ce mu gwada a nan shago mana. Baba Idi ya ce a'a, shi ba ya jin ta sai da dutse a hannu.

Wurin gugarsa rumfa ce ta buhu da kara a ƙofar gidansa, tebur da bargo a kai, dutsen gawayi, kwanon ruwa. Na cire bayan musajjal na jingina shi a kan bulo, na zauna a ƙasa da sukudireba a cikin ramin. Ya hura gawayi, ya shimfiɗa jallabiya, ya yayyafa ruwa, ya ce, "Danna." Yana guga ina juya sukurun kamar mai taɓa ido.

"Rage."

Na rage.

"Ka wuce. Yanzu ta zama mai ciwon ciki. Ƙara kaɗan."

A ranar ba mu samu ba. Washegari ma haka. In na ce ya yi, sai ya girgiza kai ya ce da saura. Daga baya na daina sauraron bakinsa na koma kallon hannunsa. In gudun bai yi ba, dutsen yana tsayawa a tsakiyar riga, ya jira, ko ya yi gaggawa ya bar layi. Wata rana ina juyawa sai na ga dutsen ya tafi tun daga kafaɗa har ƙasa tare da jan kamanjar, ya juyo tare da ita, bai tsaya ba. Na zare sukudireba a hankali. Ya ci gaba da guga har ya gama rigar ya ninke. Na ɗiga jan farce a kan sukurun don kada ya motsa.

A waɗannan zuwan ne ya ba ni labarin kaset ɗin. Yana saurayi ya yi wanki da guga a gidan wata likita baturiya a Khartum, kusa da kogi. Kullum in ta dawo daga asibiti sai ta cire takalmi ta kwanta a falo ta sa wannan, shi yana baranda yana guga. Ba ta taɓa ce masa zo ka ji ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Ranar da za ta koma ƙasarsu ta raba kayan gida, mai dafa abinci ya samu tukwane, mai gadi ya samu keke. Shi ta miƙo masa musajjal da kaset a ciki, ta ce da guntun Larabcinta ta lura in kaset ya ƙare dutsensa ma yana tsayawa har sai ta juya.

"Sunan kiɗan fa, Baba?"

"Ta faɗa. Ya fi ƙarfin bakina, na bar mata abinta."

Aiki ya ƙare amma ban daina zuwa ba. In mun rufe shago na biya, na hura masa gawayi, na zauna a kan bulo. Gefen farko dogo ne, abu guda ba yankewa. Kusa da ƙarshensa akwai inda kowa yake yin shiru a bar kamanjar ita kaɗai, ta hau, ta sauko, ta yi kamar ta ɓace hanya, ta yi magana biyu a lokaci ɗaya, sannan ta yi wata 'yar rawar murya sauran su dawo su ɗauke ta. Daidai kafin nan wani mutum yana tari a cikin masu kallo. Baba Idi yakan ce, "Allah ya ba ka lafiya," kowane lokaci. Gefe na biyu yana farawa a hankali, kamar mutum yana tafiya gida bayan an watse, daga baya ya ɓarke da gudu har a yi tafi. A gudun Baba Idi ko wannan ɓarkewar da nutsuwarta take zuwa. Ni da ban taɓa zama aka gama darasi ɗaya ba, sai ga ni ina zama har tafin. Asha 'yarsa, wadda take sayar da shayi a bakin titi, in ta wuce da kofuna takan ce, "Baba ya samu ɗan'uwa. Da mahaukaci ɗaya ne a gidan."

Na sha ce masa ya bari in kai kaset ɗin wurin mai kwamfuta a zuba a zakira, ko don gaba. Ya ce kaset ɗin ba ya kwana a waje. Na ce ba kwana zai yi ba, mu je tare. Ya ce gobe. Ni ma ban matsa ba, don a ganina rumfar tana nan, shi yana nan, Umbadda tana nan.

Sai shekarar yaƙi ta zo. Wannan ba sai na ba ku labari ba, kuna ciki. Kasuwa ta tashi. Da na samu na leƙa bayan wani lokaci, shagon ba ƙofa, gawarwakin rediyon nan a warwatse har titi, an tattake. Usta ya kwashi iyalinsa ya nufi Mai Wurno wurin dangin matarsa. Mun yi waya sau ɗaya, yana tambayata ko na ɗauko gwangwanin ser. Na ce ban same shi ba. Ya ce, "Ba komai, akwai tiyub a duniya." Daga nan layinsa bai sake shiga ba. Mu muka dawo Sawra wurin yayata, na haɗa faifan sola da batirin mota na kafa wannan rumfar. Abin da na fita da shi daga tsohuwar sana'a sukudirebar nan ce kawai, don tana aljihuna ranar.

In ba kowa a rumfa nakan ɗauki waya in yi ta neman kiɗan kamanja na Turawa. Suna da yawa, ashe abin fanni ne guda, mai kamanja ɗaya a gaba, taro a bayansa. Wani in ji kamar shi ne, sai ya bi wata hanya. Ko da na ci karo da shi ban tabbata zan gane ba, don duk a guje suke, kuma ba mai tari.

Rannan da hantsi ina jera wayoyi sai na ji an ce, "Ɗan'uwan mahaukaci." Asha ce. Ta rame, amma bakin yana nan. Ta ce sun fito daga Umbadda da ƙafa, suna wani gida a nan Sawra tare da wasu iyalai, kuma an samu motar da za ta kai su Gadarif wurin ƙanin Baba.

"To Alhamdu lillahi. Jikin nasa fa?"

"Jiki ya tafi, taurin kai ne ya rage. Ranar da za mu fito na ce ya ɗauko maganinsa. Muna isowa na duba aljihu, ka san abin da ya ɗauko." Ta zauna a kan benci. "Musajjal ɗin yana can, ban ma san ko gidan yana nan ba. Yanzu ya ce ba zai hau mota ba sai ya ji abinsa, wai bai san ko a Gadarif akwai mai irin hannunka ba. Mai mota kuwa ba zai jira mu ba, Haruna. Na kawo masa a waya irinsa, ya ce in kashe."

Na rufe rumfa na shiga unguwa gida-gida ina tambayar tsohon musajjal. Mutane suna dubana kamar na zautu, ana neman ruwa da gari ni ina neman musajjal. A wurin wata tsohuwa na samu wani ƙarami a ƙarƙashin gado, ƙofarsa a karye, ser babu. Na yanko tiyub daga wata yasasshiyar raksha. Sibirto babu, da turaren yayata na goge kan. Mai kuma na ɗiga daga keken ɗinkinta, na zuba saura a murfin kwalba na tafi da shi. Na ciro batirin rumfa na ɗora a kafaɗa.

Jin da na yi wa kaset ɗin a wannan rana shi ne na ƙarshe. Washegari suka tafi da shi, kuma lambar da Asha ta bar min ba ta taɓa shiga ba.

Na sami Baba Idi kwance a kan gadon igiya a inuwar katanga, yaran gidan sun kewaye mu suna kallon batir. Jallabiyarsa duk ta yamutse. Ya buɗe ido ya dube ni.

"Ka yi ƙiba."

"Kai ma, Baba."

"Maƙaryaci. Ina Garba?"

"Yana Mai Wurno."

"Har yanzu yana jiran mai waƙa?"

Ya laluba aljihu ya ciro kaset ɗin. Wannan karon ni ya miƙa wa. Na duba zaren ta 'yar tagar, lafiya lau. Na gwada musajjal ɗin da wani kaset ɗin banza tukuna don kada ya tauna, sannan na sa nasa. Na bar bayan a buɗe, na kafa sukudireba, na kai gudun inda kunnena yake tuna shi a rumfar Umbadda. Na tabbata na kai, don na ji shi ya fi a ƙirga.

Ya saurara ido a rufe har kamanjar ta shigo.

"Rage."

"Baba, nan ne inda muka bar shi."

"Na sani. Rage."

Na rage. Ya ce a ƙara ragewa. Na sake juyawa, sai na ji sukurun ya tsaya, ya kai ƙarshensa. Na ce masa ya ƙare, ƙaramin inji ne, ba ya sauka ƙasa da haka. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "To kashe, ka gode," ya juya fuska wajen katanga. Asha tana tsaye da buta, ta dube ni.

Ban kashe ba. Haddafar tana juyawa a gabana a buɗe. Na tsoma ɗan yatsa a murfin mai, na ɗora shi a gefenta, kamar yadda za ka taɓa goshin jariri. Kiɗan ya nutse, ya yi lilo kamar zai faɗi. Na sassauta, ya taso. Na dafa gwiwar hannu a kan bulo don kada in girgiza, na riƙe numfashi, na nemi nauyin da zai zauna wuri ɗaya. Wannan ba Usta ne ya koya min ba, da ya gani ma da ya kore ni daga shago.

"Nan," in ji Baba Idi, fuskarsa tana katanga. "Kada ka motsa."

Ban motsa ba. Ƙarfen ya fara ɗumi, ya koma zafi. Ƙuda ya sauka a hancina, wata yarinya ta kore min shi. Hannun ya mutu tun daga kafaɗa. Mutumin nan ya yi tarinsa, na ji Baba Idi ya yi masa addu'a ƙasa-ƙasa, sannan kowa ya yi shiru aka bar kamanjar ita kaɗai. Ban taɓa jin ta da nauyi haka ba, kowane ja sai ka ce ba za ta kai ƙarshensa ba, sai ta kai. Yaran ma sun daina motsi. Can nesa ana ta harbi, ba wanda ya ɗaga kai.

Gefen ya ƙare, maɓallin ya yi ƙas ya tashi. Na ɗaga yatsa, fatar ta yi ja ta kumbura. Baba Idi ya juyo a hankali.

"Asha, motar nan da safe ne ko da rana?"

"Da safe, Baba."

"To ki nemo min wanda zai ba ni aron dutse. Ba zan shiga garin mutane da wannan rigar ba." Sannan ya dube ni. "Kai kuma me kake jira? Juya."

Na juya kaset ɗin, na tsoma ɗaya yatsan a mai.